Janareton Jummai

Ku ji Jummai mai saloon a Unguwar Boro! Janareton shagonta ta kinkimo wa saurayinta Albert don wasan jitarsa na la'asar. Sai ga gogan ya ɗauko waƙar da ya tsara mata, ya cusa sunan wata Debby, wai don babanta ne ya ara musu kujeru. Debby har da rausaya!

Jummai ta kumbura kamar za ta fashe. Ta zagaya ta kashe injin, lasifika ta yi tsit.

Albert ya biyo ta da gudu. "Haba Jummy, ke fa zan aura!"

Ta kalle shi, ta kalli Debby, sannan ta kama igiyar janareton.

"Bari in tayar. Koma ka maimaita hakan a lasifika, Debby ba ta ji ba."