Cikin Soso

Torben ya rotsa kofi a bango, ya shaƙo Wiebke. "Na ce ki zubar da cikin nan!"

"Kashe ni, matsoraci!"

Ya hankaɗa ta, cikinta ya daki gefen tebur, ta zube. Darakta ya yi tafi.

Fim muke ɗauka a Hamburg, 'ya'yana, ni ce tsohuwar da ke shirya 'yan wasa. Wata biyar da mutuwar soyayyar Torben da Wiebke ta gaske, aiki ya sake haɗa su.

"Tashi mana, tauraruwa," in ji Torben yana dariya, "soso ne fa!"

Ba ta tashi ba. Na shigo a guje, riƙe da cikin ƙarya na soso da ta ƙi ɗaurawa.

Ya dubi hannuna, ya dubi cikinta.

"Naka ne," ta ce da ƙyar. "Kira motar asibiti."