Tarin Dawa a Kan Tabarma

Ladidi ma'aikaciyar jinya ce da ta koma jami'a da girmanta, tana karantar halayyar ɗan Adam. Bincikenta a kan baƙin cikin da ke kama wasu mata bayan haihuwa ne. Matan kam ta san su, ta zauna da su, ta share musu hawaye. Ƙididdigar ce ta tsaya mata a wuya: wannan gwaji na kwatanta rukuni biyu ne, wancan na rukunoni da yawa, wani kuma na auna yadda abu ke hawa in wani ya hau, kowanne da sunansa da dokokinsa. Ranar da ta gaya wa malaminta, Dakta Ɗandago, cewa za ta ajiye karatun, bai ja da ita ba. Ya ce ta zauna ya ba ta misali.

Wani manomi ne, in ji shi, dawarsa ta ƙi, rumbu ya kusa ƙasa, ga iyali. Ya je wurin mai sayar da iri, aka ce ya shuka kaura nan, farafara can, ya ga wadda ta fi. Maƙwabta suka ce ƙasa ce, ya gwada jigawa da laka da bakin fadama. Mai shanu ya ce masa ya lura da yadda zangarniya ke ƙara nauyi in an ƙara taki. Ya dawo gida kansa ya ɗau zafi, yana ganin sana'o'i daban-daban aka ɗora masa, ga damina a bakin ƙofa. Kawunsa, wani tsoho da ƙafa ta hana shi zuwa gona, ya saurare shi har ya gama. Sai ya sa aka zube ƙwaryar dawa a kan tabarma, ya shiga warewa da gefen hannu. Ga abin da gona za ta bayar ko ba a yi mata komai ba, ga kason iri, ga na ƙasa, ga na taki. Ɗan abin da ya rage ya ture gefe, ya ce wannan na tsuntsu ne da iska da abin da Allah kaɗai ya sani. "Tambaya ɗaya kake ta sauya wa riga," in ji tsohon. "Wa ke da nawa a cikin tarin nan?" Da wannan idon manomin ya yi shuka. Da kaka ta zo ya gane irinsa lafiya lau yake, ƙasar ce ta ji yunwa. Damin farko a kansa ya ɗauko shi, ya dire a ƙofar kawun.

Dakta ya tashi ya rubuta layi ɗaya a allo: abin da aka auna, daidai yake da tushe, a haɗa da kason kowane dalili, a haɗa da saura. Ya ce duk gwaje-gwajen nan 'ya'yan wannan layin ne.

Ladidi ta daɗe tana kallon allon. Ta hango matanta, ta hango kason rashin barci, da na rashin mai taya reno, da sauran da ba ta da hurumin sani.

"Allah ya saka da alheri, Malam," ta ce. "Gobe da safe zan kawo bayanan binciken."

Ya ajiye allin, ya kaɗe hannu. "Allah ya kai mu. Ai Hausawa sun riga mu faɗa: tushiya mafarin dawa."