Ranar da Tahira Ta Kira Sunan Ɗanta

Tahira ta san gyaɗa ba ta karɓi ɗanta Bilal ba. Tun ranar da ya lashi ƙuli jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, likitan yara a Maraɗi ya ja mata kunne: "Madam, wannan borin jinin ba na wasa ba ne. Duk mai ba shi abinci ki gaya mishi. In ya ci kuwa, ki rugo da shi, kada ki jira."

To amma Bilal ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗi, sai dai "yaron nan". Ina ita ina nuna damuwa da shi a gaban uwar miji, a ce ba ta da kunya?

Ran da suka je gaida surukar tata Inna a Jiratawa, tsohuwar ta kwaɗa zogale, ta zuba ƙuli ba tsoro, ta ɗora jikanta a cinya. "Taho, maigidana, ci ka yi ƙiba!"

Tahira na kallo. A ranta ta ce loma ɗaya ba ta yin komai.

Ba a jima ba leɓen yaro ya kumbura. Inna ta ce, "Ƙaiƙayi ne, miƙo man shanu." Wallahi har a nan Tahira ba ta tanka ba! Sai da numfashinsa ya fara ƙara kamar ana fito, sannan ta fizge shi ta yi titi, ba mayafi ba takalmi, ta tare ɗan kabu-kabu.

"Malam, don girman Allah ƙara wuta! Asibiti!"

Likitoci suka rufu a kansa, ga allura ga iskar numfashi. Can likitan nan da ya ja mata kunne ya fito yana girgiza kai. "Sai haƙuri. Da tun kumburin leɓe kuka taho..."

Tahira ta faɗa kan ɗanta tana jijjiga shi. "Bilal! Bilal, tashi!" Yau ta kira sunan, mai sunan bai amsa ba.

Inna, da ta biyo bayanta, ta ji daga bakin likita cewa dama ya hana yaron gyaɗa, ta ɗora hannu a ka. "Ashe kin sani? Mi ya hana ki gaya mini, ɗiyata? Da hannuna na ba shi!"

Jama'a, kunya ado ce, amma ba a kan ran yaro ba. In likita ya hana ɗanki wani abinci, faɗa wa kowa, ko a gaban wa. In ya fara kumbura kuwa, asibiti kai tsaye.