Soron Karatun Hajjo

Na farfaɗo cikin duhu, bakina cike da ƙasa, azara ta danne mini ƙafa. A samana ina jin saran fartanya.

Ashe Kawu Ladan ya cika maganarsa. Tun rasuwar kakata Hajjo yake cewa sai ya rushe soron karatun da ta gina a Ƙofar Taramniya lokacin da ake ɗora ganuwar birni. A nan na sauke Alƙur'ani, a nan nake koyar da matan unguwa. Na ce masa sai dai ya rushe shi a kaina. Ko da aka tsuge da ruwa da safe, ɗalibai suka watse, ni ban fita ba.

Saran yana matsowa. Na rantse ba zan roƙe shi ba. Na ɗaga murya da karatu, don ya san a kan wa yake sara.

"Atika!" Muryar Kawu ce. Ban amsa ba. Ba a yanke aya saboda azzalumi.

Numfashi ya gaza mini, na yi shiru.

"Ɗiyata, don Allah ci gaba," ya ce cikin kuka. "In kin yi shiru ba mu san inda kike ba."

Haske ya shigo, sannan hannunsa, duk jini.

"Ruwa ya kada soron, muryarki munka biyo. Tun bara ina hwaɗa miki ginin ga ya ruɓe."