Batir a Rana

Babanta ya sauko da baturan rediyonsa daga kan katanga, inda suka sha ranar hantsi, yana juya su a tafin hannu don zafi.

"Sun cika," ya ce.

Ta ɗago kai daga littafin fiziks. Tun da ta zo hutu gida a garin Shagari take bitar babin zafi saboda jarrabawar fita sakandare, kuma tun ranar suke wannan gardama. Batir ya yi tsada, a kasuwa ma sai an sha nema, shi kuwa ba ya iya wuni bai ji labarin ɗan garinsu da ke mulkin ƙasa ba.

"Baba, rana ba ta zuba wa batir wuta. Ɗan abin da ya rage kawai take motsawa."

"Ke dai tsaya ki gani, 'yar boko."

Ya zura su, ya murɗa. Rediyon ya yi tari, sai ga badujalar soja raɗau. Can wata murya ta shiga zuba Turanci.

"Mi yac ce?"

Ta so ta ce ba ta ji sosai ba, amma muryar ta fita tas.

"Soja sun karɓe mulki, Baba."

 Ya buɗe bayan rediyon, ya zare baturan ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su a inuwa.

"Ke ad da gaskiya, ɗiyata," ya ce. "Rana ba ta gyara batir. Ni ban ji komi ba."