Dokar Sin a Siton Alhaji Halliru

Ranar Litinin, shida ga Maris, 2023, da ƙarfe tara da minti goma na safe, aka manna doka a bangon siton Alhaji Halliru da ke bayan kasuwar Murshid Bazaar a Dubai.

Kwali uku ne suka jawo ta. Hajiya Suwaiba, wadda rabin kayan da siton ke turawa Kano nata ne, ta ba da abaya kwali arba'in, talatin da bakwai suka isa. Sauran ukun sai bayan wata guda aka gano su a shagon wani, da sunansa a jiki. Ta bugo waya.

"Alhaji, don girmanka na yi shiru. In aka sake kafin Sallah, khalas, shi ke nan, na canja gida."

Mubashir ne ya kawo magani. Ɗan 'yar'uwar Alhaji ne, ya shekara tara yana saro tayil a Guangzhou ta ƙasar Sin, ya dawo da furfura da falsafa. Ya ce tun fiye da shekara dubu biyu wasu masanan Sin suka gano cewa ba a riƙe mutane da kirki, sai da rubutacciyar doka, da lada, da horo mai tsanani. Da wannan wata ƙasa ta haɗiye maƙwabtanta shida. Bai faɗi cewa daular da ta kafa ba ta wuce shekara goma sha biyar ba. Ba a tambaye shi ba.

Alhaji ya riƙe takardar dokar da Mubashir ya rubuto ya daɗe, sannan ya miƙa masa. "Karanta wa kowa ya ji."

An raba ma'aikata goma sha biyar gida uku, biyar-biyar. In ɗaya ya yi laifi, biyar ɗin za su tafi, sai in an kawo ƙararsa. Mai ƙara ya gaji gurbin mai laifi. Wanda ya yi aikin da ba nasa ba, ko da gyara ne, daidai yake da wanda ya ƙi yin nasa. Shugaba kuwa kada ya bari a san abin da ke cikinsa. Wannan ta ƙarshe ta fi yi wa Alhaji daɗi.

Mai awo ya tsaya ga awo, mai ɗauri ga ɗauri. Rubuta suna a jikin kwali aikin Alhaji ne shi kaɗai, kamar yadda yake shekara ashirin da shida. Yakan zauna bakin ƙofa da baƙin tabarau saboda ranar Dubai, takardar sunaye a cinya. 'Yan kasuwa na cewa hannunsa na da albarka.

Doka ta yi aiki cikin kwana huɗu. Hafiz, mai ɗauko kaya, ya kama Sanda a bayan kwantena yana goge sunan da Alhaji ya rubuta, yana sa wani. Sanda dattijo ne mai liƙa kwali. Tare suka zo Dubai da Alhaji, kuma bizarsa a hannun siton take.

"Sanda, kai ne?" in ji Alhaji.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me ya sa?"

Sanda ya dubi matasan da suka kewaye su, ya sunkuyar da kai. "Ba a nan ba, Alhaji."

"Kawu, doka ba ta shiga ɗaki," in ji Mubashir.

Aka soke bizar. Ranar Talata jirgi ya tashi da Sanda. Ya bar alƙalaminsa a kan sikeli.

Kwalayen da suka bi bayansa, goma sha ɗaya suka ɓata. Mubashir ya ce ashe Sanda ya bar almundahana da reshe, kuma tunda ba wanda ya kawo ƙara, sauran gidansa suka tafi, har da Hafiz mai sabon gurbi. Sai goma sha tara suka ɓata. Gida na biyu ya tafi. Siton ya yi tsit. Ba mai taɓa kwalin wani, ba mai ɗaga kai ya dubi abin da ba a sa shi dubawa ba. Mubashir ya ce ko a Sin ba a taɓa ganin tsari irin wannan ba.

Kayan Sallar Hajiya Suwaiba, kwali sittin, sun watsu a shago tara da gidajen mutane biyu. A ɗaya daga gidajen, wata gwauruwa ce ta karɓa tana kuka, sunan marigayi mijinta a jiki. Hajiya ba ta ko bugo waya ba. Ta aiko mota aka kwashe ragowar kayanta zuwa wani sito a unguwar Al Sabkha. A ranar aka sallami gida na uku.

Ranar Alhamis, goma sha uku ga Afrilu, da ƙarfe huɗu na yamma, waɗanda suka rage su ne: Mubashir, don karanta doka, Yacouba maigadi, wanda ba aikinsa ba ne ya ce komai, sai Alhaji Halliru, wanda shekara uku ke nan idonsa ba ya ganin rubutu, yake sa sunaye da ka kamar yadda ya san su a da, har da na mamata, Sanda na bi yana gyarawa.