Wutar Bayan Dutse

Mato na Fammar ya sha faɗa a kasuwar Kibiya cewa ƙudan zuma sun san muryarsa, kuma amyar da ta fito daga hannunsa ruɓa ba ta taɓa shigarta ba. Wai har Baturen gona ya zo daga Kano neman sirrin, ya koma da kumburarren hanci.

Maƙwabcinsa Haliru dai ya daina dariya. Shekarar da aka sauke tutar Turawa wata cuta ta shigo masa amya. 'Ya'yan zuma su mutu cikin saƙa, su narke, in ka tsoma tsinke ya jawo yauƙi, wari kuwa sai ka toshe hanci. Zumar nan ita ce cefanen gidansa, ga gwiwa ta fara ƙin hawan ɗorawa.

Maganin cutar ɗaya, in ji Mato: wuta. Amma ba a ƙonawa kusa da gari, hayaƙin ma cuta ne. Shi zai wahala ya kai amyar bayan dutse ya ƙona, don zumunci. Sai ya ɗora amyar a jaki, in an kwana biyu ya dawo da sabuwa, lulluɓe da ɗanyen kashin shanu, tana ƙamshin turare. Ladansa kaza ɗaya kawai.

Zuma su shiga, su yi saƙa, su ruɓe. Jaki ya zo, kaza ta tafi. Haka aka yi ta yi har akurkin Dije, matar Haliru, ya koma daga zakara sai kashinsa. Amyar ƙarshe ma da ƙyar ta hau jaki, sai da Dije ta yage bakin tsohon zanenta na shuni aka ɗaure mata gindi.

Ranar da Mato ya zo karɓar zakaran, Haliru bai ko tashi daga tabarma ba.

"In wannan ma ta ruɓe, na bar zuma ke nan," ya ce.

"Haba! Wannan da hannuna na saƙa ta jiya," in ji Mato.

Dije ta tsuguna wajen sabuwar amyar, ta kankare kashin shanun da farce, ta jawo wani ƙyalle na shuni a hankali. Sannan ta saki zakaran da aka kama wa Mato, ya tsere.

"Malam Mato, wutar bayan dutsen nan akwai ladabi," ta ce. "Ta cinye amya ƙurmus, ta dawo mini da bakin zanena."